Tambaya: mai zanen zamani adana gadonmu yake yi, ko ɗiba kawai yake yi daga cikinsa?

Jikan Magini, Zariya

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu ilimin zane da waɗanda suka san sana'o'inmu na gargajiya su taimaka su warware mini wata magana da ta haɗa ni gardama da ɗan yayana tun bayan ƙaramar salla, wadda har yau ba mu samu daidaito a kanta ba.

Kakana magini ne a cikin birnin Zariya, kuma shi ya yi wa fuskar zauren gidanmu ado da hannunsa. Ya fitar da dagi babba a kowane gefen ƙofa, ya sa takubba biyu a sama kusa da zankwaye, sannan can ƙasa ta hannun dama ya yi siffar keke, domin a zamanin da ya yi aikin keke ne abin alfahari a unguwa. Ina yaro nakan bi layin dagin nan da yatsa ina neman inda ya fara da inda ya ƙare, ban taɓa samu ba. Bayan rasuwarsa masu iya haɗa makuba, wato shafen ɓawon ɗorawa da ke kare bango daga ruwa, suka yi ƙaranci, damina ta riƙa cin bangon kaɗan-kaɗan, har iyayenmu suka ga babu mafita sai a kankare abin da ya rage a yi filasta da siminti. Ba na ganin laifinsu, domin gida ne da mutane ke kwana a ciki, kuma bangon da ke zubewa hatsari ne.

Ɗan yayan nawa ya karanta zane a jami'a. Ya samo wani tsohon hoton gidan a cikin akwatin mahaifiyarsa, ya zana fuskar zauren a kan babban ƙyalle da fenti, amma ya karya dagin gida-gida, ya ba shi launin shuɗi da ruwan goro waɗanda bangon bai taɓa samu ba, keken kuma ya mai da shi kamar yana shawagi a iska. Wani otal a Abuja ya sayi zanen da kuɗi mai kauri. Shi a ganinsa ya ceto aikin Kaka daga ɓacewa. Ni kuwa na ce masa abin da Kaka ya bari sana'a ce ta ƙasa da hannu, kuma yau ko tubali ɗaya shi bai iya bugawa ba, baƙin da za su kalli zanen a otal kuma ba za su taɓa jin sunan wanda ya ƙirƙiro shi ba.

To, mene ne ainihin aikin mai zanen zamani game da kayan gado irin wannan? Akwai wanda ya taɓa yin abin har aka shaida cewa ya raya gadon mutanensa, ba wai ya ɗebi ado ya kai kasuwa ba?

Tsohon Malamin Zane, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa aikin hannunsa ya zame masa haske. Na shafe shekaru ina koyar da zane a makarantun sakandare, kuma duk lokacin da aka yi mini irin wannan tambaya mutum ɗaya ne yake fara zuwa mini a rai, wato Ibrahim El-Salahi na ƙasar Sudan. Zan ɗan tsawaita a kansa, domin tarbiyyarsa ta yi kama da ta yawancinmu.

An haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar Alƙur'ani, saboda haka abin da ya fara riƙewa a hannu allo ne da alƙalami da tawada, kamar kowane almajiri a Kano ko Katsina. Ya yi karatun zane a Khartoum, sannan aka tura shi makarantar Slade da ke Landan, inda ya zauna daga 1954 zuwa 1957 yana koyon zanen Turawa har ya gwanance. Da ya koma gida ya baje kolin ayyukansa a Khartoum yana zaton mutane za su yi tururuwa, sai ya tarar abin bai taɓa zuciyar kowa ba. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari. Maimakon ya ce mutanensa ba su waye ba, kamar yadda wasu 'yan boko suke saurin faɗa, sai ya koma ya tambayi kansa abin da mutanen nan suke ratayawa a ɗakunansu suna jin daɗin kallo. Ya zagaya garuruwa da ƙauyuka, ya ga ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu, ya ga adon tabarmi da faifai da ƙwarya da kayan fata.

Daga nan ya fara sa ɗan rubutun Larabci a gefen zanensa, sai ya lura mutane suna matsowa kusa domin su karanta. Sannu a hankali ya shiga warware haruffan kansu, yana jan wutsiyar wani harafi, yana buɗe cikin wani, har siffofi suka riƙa fitowa daga tsakaninsu: fuskoki dogaye, jinjirin wata, tsuntsaye, dabbobi. Launukansa ma na ƙasarsu ne, ja-ja da ƙasa-ƙasa da baƙi, kuma akwai babban aikinsa na farkon shekarun 1960 da ya yi a kan farin saƙin auduga na Sudan. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq ne ake ambata idan ana maganar salon da aka sa wa suna Makarantar Khartoum. A wannan lokacin ne kuma ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari ta nuna ayyukansa a Ibadan, don haka Najeriya ta san shi tun da wuri.

A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin shugaban Sudan Numeiri ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ta tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba. A can ya riƙa yage takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane da guntun fensir a ɓoye, idan ya ji motsin gandiroba ya binne su cikin yashi. Wannan ya zame masa salo daga baya, inda yake fara aiki da ƙaramar takarda ɗaya, ya riƙa jona mata wasu har abin ya cika bango. Ya zauna a Ƙatar, daga baya ya koma Oxford, kuma a 2013 gidan nuna zane na Tate Modern a Landan ya tattara ayyukan rayuwarsa ya nuna wa duniya.

Abin da ya fi burge ni a ayyukansa na tsufa shi ne jerin zanen da ya yi a kan bishiyar da Sudanawa ke kira haraz. Gawo ce, Malam, wannan gawon namu da ke zubar da ganye da damina sa'ad da kowace bishiya ta yi kore, ta kuma yi ganye da rani sa'ad da kowa ya bushe. Bai zana ta da rassa da ƙaya yadda kyamara za ta ɗauka ba, layuka ne miƙaƙƙu masu tsari kamar na mai jan layi a allon zayyana, amma duk wanda ya taɓa hutawa a inuwar gawo da rani zai fahimci dalilin da ya sa mutumin da ke zaune a ƙasar sanyi ya kasa daina zana ta.

Amsata a gare ka ita ce, kada ka tuhumi yaron don ya karya dagi ya sauya masa launi. Kaka ma da ya sa keke a bango sabon abu ya shigo da shi, kuma a Zariya an ga gidajen da magina suka fitar da mota da jirgin sama da agogo. Bambancin da nake gani shi ne El-Salahi ya san allo daga ciki, ya wanke shi, ya riƙe alƙalami har yatsunsa suka saba, shi ya sa da ya zo karya harafi ya san gaɓar da zai karya. Ɗanka daga hoto ya ɗauko dagin. A nan ne nake ganin maganarka tana da ƙarfi.

'Yar Birni, Damagaram

Gaisuwa gare ku baki ɗaya. Baba Malam, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, amma ka yi mini afuwa, ina ganin ka sassauta wa masu zane fiye da yadda ya kamata.

A unguwar Birni ta Damagaram na girma, inda har yanzu akwai gidajen ƙasa masu ado a fuska, wasu an shafa musu launi, wasu an bar su da jar ƙasarsu. Na ga baƙi da masu zane da masu ɗaukar hoto suna zuwa su tsaya a gaban gidajen nan, su ɗauki abin da za su ɗauka su tafi, bayan shekara biyu kuma bangon ya faɗi ba wanda ya dawo ya tambaya. Zanen El-Salahi yana Landan cikin ɗaki mai sanyi ana gadinsa, wannan abin farin ciki ne, amma allon da ya koya a kai makarantun allo ne suka riƙe shi, da malaman da ba wanda ya san sunansu. Da a ce sun daina, ƙyallen da ke Landan ba zai koya wa yaro ko ɗaya jan harafi ba. Haka dagi yake. Yana raye ne muddin akwai wanda ya san yadda ake kwaɓa ƙasa ta kwana, ya san lokacin da ta yi laushin da za a fitar da ado kafin ta bushe, ya san haɗin laso, wato simintinmu na gargajiya da ake yi da katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini a marina) da gashin jima da dafara.

Idan ana neman wanda ya kai gadonmu idon duniya ba tare da ya ɗauke shi daga wurinsa ba, ni Falke Barmu zan nuna, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa ta Nijar. An fara ginin a 1962 da ƙasa da itace da taimakon mutanen gari, daga baya ya sake rufin ya ƙara hasumiyoyi huɗu waɗanda babu biyu masu kama da juna, kuma a 1986 aka ba aikin lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine. Sabon salo ya ƙirƙira, babu mai cewa kwaikwayon na da ya yi, amma abin yana tsaye a garinsu, ana salla a ciki, matasan da suka miƙa masa ƙasa kuma sun ga yadda ake yi.

Ban ce mai fenti ba shi da amfani ba. Ina cewa ne a kira kowane abu da sunansa. Abin da ɗan yayanka ya yi sabon aiki ne nasa, yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma kalmar adanawa ta yi masa nauyi. Kuma abin da ya fi sosa mini rai a labarinka shi ne sunan Kaka da ba ya jikin zanen. Wannan kam gyara ne da ba ya buƙatar ko sisi.

Ɗalibar Zane, Samaru

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, kuma wannan muhawara a makarantarmu aka fara ta tun kafin a haifi iyayenmu, shi ya sa na ga ya dace in sa baki.

A 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce, su kuwa suka ce za su karɓi dabarun da ake koya musu amma kowa ya koma ya binciki abin da ke gidansu ya haɗa. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma kan uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan yadda muke yin lalle. Bai tsaya kan kallon hoto ba. Mahaifiyarsa ta san uli, ya zauna da ita ya koya, sannan da ya koma Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa ya sa binciken uli cikin karatu, ya riƙa tura ɗalibai ƙauyuka wurin tsofaffin mata. Daga nan aka samu jerin masu zane irin su Obiora Udechukwu.

Yaya 'Yar Birni, a nan ina ganin kina da gaskiya ta wani ɓangare, domin duk da wannan ƙoƙari matan da ke yin uli a bango sun ci gaba da raguwa, kuma sunayen da suka shahara na maza ne 'yan jami'a. Sai dai kuma da ba a yi aikin ba, da siffofin da sunayensu da ma'anarsu sun tafi tare da tsofaffin. Abin da aka rubuta aka zana yana nan, wanda ya so komawa yana da inda zai fara. Wannan ma wani nau'in adanawa ne, ko da bai kai na hannu ba.

Abin da yake damuna shi ne, a garin da aka haifi wannan tunani, mu 'yan Arewa ba mu yi wa namu kayan irin hidimar da Okeke ya yi wa uli ba. Muna da aska takwas da tambari a babbar riga, muna da adon dukawa, da zanen ƙwarya, da allon zayyana, da salon rufin soro na bakan gizo da ɗaurin guga irin na masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Amma idan aka ba mu aiki a kan al'ada, yawancinmu dagi ɗaya muke mannawa a tsakiya, mu ƙara mahayin doki, mu ce mun gama. Na taɓa zuwa wurin wani tsoho mai ɗinkin hannu a cikin birni da littafin zanena, ya duba askar da na zana ya ce mini na juya ta, bakin da ya kamata ya kalli ƙasa na sa shi sama. Na ji kunya, na kuma koma wurinsa sau biyar.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato yawancin iyayenmu suna ƙin 'ya'yansu su karanta zane saboda hukuncin zana abu mai rai. Ba ni da ilimin yin fatawa, amma sananne ne cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar hoto da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Adonmu na gargajiya kusan duka a wannan fili yake. Wanda ya zurfafa a cikinsa zai yi zanen zamani da mahaifinsa zai yarda ya rataya a zaure.

Jikan Magini, Zariya

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ɗan yayana amsoshinku jiya da dare bayan isha'i. Maganar keke da Malam ya yi ta kama ni, domin ban taɓa tunanin cewa a idon tsofaffin wancan lokaci Kaka ma ɗan zamani ba ne, don haka na janye ƙorafina a kan launi da karya dagi. Shi kuma maganar suna ce ta sa ya yi shiru. Ya ce zai nemi otal ɗin su bar shi ya liƙa ɗan bayani a gefen zanen, mai ɗauke da sunan Kaka da unguwarmu da sana'arsa.

A kan sauran maganar ban sauya ra'ayi ba, ina tare da 'Yar Birni. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi wa Kaka yaron gini, yanzu ƙafa ta hana shi hawa tsani amma hannunsa da idonsa lafiya lau. Na je na gaishe shi da safen nan na kawo masa maganar, ya yi dariya ya ce shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi yadda ake fitar da dagi, sai dai a kira shi duba tsagewar bango. Ya yarda zai koya wa yaron, da sharaɗin zai fara daga kwaɓa ƙasa da buga tubali kamar kowa, kuma ba zai taɓa ado ba sai ya ga hannunsa ya faɗa. Ya ce adon ƙasa ba ya zama a kan filastar siminti, saboda haka mun shirya tayar da ɗan gajeren bango na tubali a tsakar gida idan ruwa ya ɗauke.

Saura abu ɗaya. Dattijon ya ce makubar da ake samu yanzu ba ta kai ta da ba, kuma katsi ya yi wuya tun da marinar da ke kusa da mu ta mutu. 'Yar Birni, ko a wajenku har yanzu ana samun masu haɗa su? Idan kuma akwai wanda ya san ko masu rini na Ƙofar Mata a Kano suna sayar da katsi, ina roƙo ya sanar da ni kafin kaka ta yi.